Zuwa ga Lawali, a Paris

Kano, daren Lahadi

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan dubun gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Yaya sanyin ƙasar taku? Mu nan hunturu ya sauka, hazo ya rufe gari, kowa leɓe a tsage. Mutanen gida duk kalau, suna gaishe ka.

Saƙo ya iso. Yaron da ka ba ya kawo mini har ƙofar gida ranar Talata, Allah ya yi masa albarka. Turaren dai uwargida ta karɓe tun a zaure, ban ƙara jin ɗuriyarsa ba. Faifan ne aka bar mini, don ba wanda ya yi sha'awarsa. Da na yaye takardar na ga jirgin balan-balan ɗin nan yana ci da wuta, wallahi sai da na zauna. Led Zeppelin, ƙungiyar makaɗan rock ɗin nan ta Ingila, faifansu na farko. Lawali, shekara nawa rabona da wannan hoto?

Da muka yi waya ka ce ka gan shi ne kawai a wani kanti ka tuna da ni, ko buɗewa ba ka yi ba. To tunda ka tsokano, sai ka yi haƙuri ka sha labari.

Wahalar farko ita ce abin da zan saka shi a ciki. Gidan nan kaf babu na'urar CD mai rai. Na tambayi autana, ya dube ni kamar na ce ya nemo mini garmaho. A ƙarshe tsohuwar motata ce ta fitar da ni kunya. Bayan sallar isha'i na shiga ciki a tsakar gida, na ɗaga gilasai, na ƙure murya. Can sai ga uwargida tana ƙwanƙwasa gilashi, wai maƙwabta za su ce Alhaji ya samu taɓi. Na ce ta bar su su faɗa. Dare huɗu ke nan ina wannan zaman, batirin motar ma ya fara ƙorafi.

Faifai biyu ne a ciki. Na ɗaya shi ne wanda muka sani, wanda ya fito a Janairun 1969. Na biyu wasan da suka yi ne a gaban jama'a a zauren Olympia, nan garinku, ranar 10 ga Oktoban 1969, wanda gidan rediyon Europe 1 ya naɗa. Jimmy Page, mai jitar, shi ya zauna da kansa ya sake gyara sautin, aka fitar a Yunin 2014 tare da faifansu na biyu da na uku. Lokacin yana da shekara 70. Ka san ba sake kiɗan aka yi ba, ba a kuma ƙara komai a ciki ba. Ainihin zaren da aka naɗi kiɗan a kansa suka ɗauko, suka juye shi cikin kwamfuta da kayan zamani, suka daidaita ƙarfin sauti, suka fito da abin da ya dushe. Rigar dai ita ce, wanki aka kai ta, daga nan aka miƙa wa masu bugu.

Kuma bugun ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Tun waƙar farko na ji abin da ban taɓa ji ba: ƙafar John Bonham, mai gangarsu, a kan babbar ganga. A kaset ɗinmu wani gurnani ne kawai a ƙasa. Yanzu kana jin kowane dūka daban, a jere, da sauri, har ka rantse ganguna biyu yake takawa, alhali guda ɗaya ce da ƙafa ɗaya. Jitar bes ta John Paul Jones ma ta fito fili, mutumin da a da ba mu ma san yana wurin ba. Sannan akwai ɗakin kansa. Dabarar Page ita ce ya ajiye makirfo ɗaya a bakin lasifika, ya kai wani can nesa, don ya kamo yadda sauti ke dukan bango ya dawo. To yanzu kana jin faɗin ɗakin, kamar kana tsaye a bakin ƙofa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar aikin. A sitidiyon Olympic da ke Landan suka yi shi, a ƙarshen 1968, cikin kamar awa 36, a kan fam 1,782, kuma kafin ma su sa hannu da kamfanin Atlantic. Robert Plant, mawaƙin, shekararsa 20. Bonham ma 20. Page ne babbansu, 24. Sa'o'in 'ya'yanmu ƙanana, Lawali! Mu da muke jinsu a Samaru muna ɗaukarsu wasu manyan ƙarti.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Ina cikin sauraron waƙa ta huɗu, "Dazed and Confused", sai na kama kaina ina jiran wani abu. Ka tuna kaset ɗinmu? Wanda muka juya a 1983 daga faifan garmahon wani malami da ya dawo daga Ingila? Faifan nasa yana da tabo, daidai inda bes ke saukowa a farkon waƙar. Tas, tas, tas, sau uku. Mun ji shi har ya zama cikin kiɗan, kai ma har kana buga shi da biro a bakin gado. To a wannan babu. Wurin ya wuce sumul, ni kuwa kunnena ya yi tuntuɓe, kamar mai saukowa daga bene da ya zaci saura matakala ɗaya. Haka kuma inda kaset ɗin ke ƙarewa a tsakiyar waƙa, sai ɗayanmu ya tashi ya juya. Haka idan batirin rikoda ya yi sanyi, muryar Plant ta koma ta dattijo mai mura, mu fitar da batiran mu shanya a rana. Duk an wanke wannan. Na san ba na Led Zeppelin ba ne, namu ne, amma na ji kamar an yi mini shara a ɗaki an zubar da abin da nake so.

Da wannan 'yar ɓacin ran na saka faifai na biyu, ban sa rai da komai ba.

Mutumina, nan ne mutanen suke. Sautin bai kai na farko tsabta ba, ko kusa. Naɗin rediyo ne, jita ta danne kowa, wani lokaci muryar Plant ta nutse sai ta sake ɓullowa. Sun buɗe da somin "Good Times Bad Times", kana gyara zama za ka bi, kawai sai su watsar da ita su afka cikin "Communication Breakdown" da gudun da ya fi na faifai, kamar doki ya ƙwace linzami. A cikin mota nake ni kaɗai amma sai da na yi dariya da ƙarfi.

Waƙar nan tamu mai tabo, a faifai minti 6 da rabi ce. A Paris ta kai minti 15. A tsakiyarta ne Page ke ajiye tsinken kaɗa jita ya ɗauko bakan gogen Turawa yana goga wa wayoyin. Ka tuna musun da muka sha yi, kai ka ce ai wata na'ura ce ke wannan kukan, ni na ce goge ne? To rabin gaskiyar tawa ce, kuma ina jiran tukuicina. A sitidiyo gogen ɗan taƙaitacce ne, an auna shi. A zauren kuwa ya sake masa, yana ja, yana dukan wayoyin da bakan, Plant yana amsa masa da murya, ba ka sanin wane ne ke kwaikwayon wani. Akwai inda suka ɗan saɓa, ɗaya ya riga ɗaya shiga, sai Bonham ya tattaro su da dūka biyu. Ba su share wannan ba, kuma da sun share da sun cuce mu.

Abin ya tuna mini da Shata, Allah ya jiƙansa. Wanda ya san shi a kaset kawai bai san shi ba. Sai a filin biki, ga 'yan kalangu, ga 'yan amshi, wani ya taso ya yi liƙi, waƙar da ka sani ta minti biyar ta miƙe ta kama wata hanya da ba ta taɓa bi ba. Makaɗi na gaske sai da idon jama'a. Yaran nan huɗu haka suke a wannan dare, shekara ɗaya kacal da haɗuwarsu, suna ta zagaya Amurka da Turai har hannuwansu sun san juna.

Wani abin daɗi kuma: sun kaɗa "Heartbreaker" da "Moby Dick" a daren, alhali faifansu na biyu, wanda waƙoƙin ke ciki, bai fito ba sai bayan kwana 12, ranar 22 ga wata, a Amurka. Ke nan yawancin mutanen zauren ba su taɓa jinsu ba. Ina ta ƙoƙarin saurarensu da kunnen wanda bai sani ba, abin ya gagara. Ita "Moby Dick" ai filin Bonham ce, sauran su koma gefe su bar shi da gangunansa. A nan zan faɗi gaskiya, ta yi mini tsawo. Kiɗan ganga zalla ba rawa ba waƙa, sai dai mai gani da ido. A dare na biyu na tsallake ta, na uku kuma kunya ta kama ni na saurara har ƙarshe, don na tuna mutumin bai yi tsawon rai ba. Ya rasu a Satumban 1980 yana da shekara 32, sauran ukun suka ce ba za su ci gaba ba in babu shi, suka watse a Disamba. Ka ga ke nan lokacin da muke haukarsu a ɗakin kwanan ɗalibai, ƙungiyar ta shekara uku da mutuwa, mu ba mu da labari.

Na san abin da za ka ce, don ka sha faɗa: ɓarayi ne, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka suka ɗauka suka ƙara masa ƙara suka yi kuɗi. Ban manta ba. Na duba sunayen da ke jikin kwalin saboda kai. Waƙoƙi biyu na Willie Dixon ne, mutumin Chicago, kuma sunansa na nan tun fitowar farko. Amma ita "Dazed and Confused", wani Ba'amurke ne, Jake Holmes, ya fara yin ta a 1967, kuma shekara da shekaru sunan Page kaɗai ke kanta. Sai da ya kai ƙara a 2010 aka sasanta, yanzu an ƙara cewa daga wurinsa aka samo tushenta. Shi wannan Bature ne, don haka hannun nasu bai zaɓi launi ba. Na ba ka wannan. Abin da ban ba ka ba shi ne cewa ba su ƙara komai ba. Saurari faifai na biyun tukuna, sannan mu sake zama.

Akwai kuma ɗan abin da ya tsaya mini. Wannan ba shi ne karo na farko da Page ya wanke waƙoƙin nan ba, ya yi a 1990. Mutum ya saya a garmaho, ya saya a kaset, ya saya a CD, a sake ce masa ga wanda ya fi. Kasuwa ce, kuma sun iya ta. Ba don wasan Paris ɗin ba, da na ce ka yi asarar kuɗinka. Mu dai ba su ci ko kwabonmu ba a da, sai yanzu da ka biya mana bashin.

Yanzu ga aikin da zan ba ka. Zauren Olympia yana kan titin Capucines, ba zai yi maka nisa ba. Ka je ranar da ba ka da aiki, ka tsaya ƙarƙashin jajayen haruffan nan na ƙofar, ka sa wani ya ɗauke ka hoto ka turo mini. Ka sa hular sanyi, kar Hajiya ta ce ni na jawo maka mura. Sai dai ka sani, ɗakin da za ka tarar a ciki ba shi ne wanda suka yi wasan ba. An rushe na asalin a 1997, aka sake gina irinsa sak, 'yan taku kaɗan daga inda yake, aka bar fuskar ginin. Shi ma an kai shi wanki da bugu ke nan. Duk da haka ka je.

Sannan tambaya ɗaya, kuma ka ji tsoron Allah ka faɗi gaskiya. Kaset ɗin nan namu, mai jan tambari, wanda na rubuta sunana a jiki da biro: ranar da muka kwashe kaya a 1985 na neme shi sama da ƙasa ban gani ba, kai kuma ka hau motar Maraɗi da jakarka a kumbure. Shekarun nan duk ban taɓa tayar da maganar ba. Idan yana cikin wata adaka a gidanku na Maraɗi, ka sa ƙaninka ya duba. Na san mai gyaran rediyo a Sabon Gari da har yanzu yake da rikoda mai aiki. Tas, tas, tas ɗin nan kawai nake son in ƙara ji.

A gaida Hajiya da kyau, a shafa mini kan yara. Ka ce mata uwargidana tana godiya da turare, ko da yake ni ko ƙamshinsa ban ji ba.

Naka har kullum,
Garba