Masu Rubuta Labarin Zamanin Da, Ku Fara Daga Ƙauye

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da ƙannena marubuta da suka fara karkata ga ƙagaggen labarin tarihi, wato labarin da ake ƙirƙirar mutanensa amma a zaunar da su cikin zamanin da aka yi da gaske. Abin murna ne. Sai dai yawancinsu suna ƙarar da ƙarfinsu wajen haddace jerin sarakuna, kuma ba nan labari ke lalacewa ba. Yana lalacewa ne a kasuwa, a gindin murhu, da kan hanya.

A ɗauki yaƙin basasar Kano, tunda ya ratsa ƙauyukanmu. Sarki Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa Tukur, Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu da ya ja da naɗin, suka fice suka kafa sansani a Takai, Yusufu ya rasu a Garko, Alu da ya gaje shi ya shiga birnin Kano a 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Wannan kowa zai same shi a littafi. Amma idan jarumin labarinka ya ciro sule ya sayi goro a kasuwar Garko cikin waɗannan shekaru, ka gama ɓata aikin. Wuri ake kashewa, ana ƙirga shi da zambar, wato dubu-dubu, kuma keso guda wuri dubu 20 ne, kaya ne da sai an ɗauka a kai ko a ɗora wa jaki. Saboda haka mai tafiya fatauci yakan fi son riƙe tufafi, gishiri ko kanwa ya musanya a hanya. Sule, sisi, taro da anini sai bayan zuwan Turawa, naira kuwa sai 1973. Haka wuta: ƙyastu ake bugawa ko a ɗebo garwashi a maƙwabta, ba ashana ba. Fitila ta mai ce da lagwanin auduga. Mai shayi a bakin hanya bai zo ba tukuna.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne tsarin mulki. Marubuci sai ya ajiye hakimi a ƙauye yana zaman fada kullum. Kafin Turawa, yawancin hakiman Kano a birni suke zaune, jakadunsu ne ke zuwa karɓar kuɗin ƙasa, jangali, kuɗin karofi (harajin marina) da zakkar hatsi. Sai wajen 1907 zuwa 1908 aka tura su zama a gundumomi. Garuruwa irin su Rano, Gaya, Ƙaraye, Dutse da Birnin Kudu su ne ke da sarakunansu a gida. Kuma kada a haɗa ƙasar Jigawa ta yau a dunƙule, jihar ta 1991 ce. A wancan zamani Dutse da Ringim ƙarƙashin Kano suke, Haɗejiya da Kazaure masarautu ne masu bin Sakkwato, Gumel kuwa Barno take bi. Birnin Kano ya faɗi ran 3 ga Fabrairu, 1903, Haɗejiya sai 1906. Shekara 3 ke nan da mutum zai iya tsere wa mulkin Nasara ta hanyar tafiya gabas zuwa Haɗejiya, kuma wannan kaɗai ya isa labari.

Ga yadda aikin ya kamata ya tafi. Kafin a rubuta shafi ɗaya, a sami littafin rubutu a raba shi gida uku: abin da takarda ta tabbatar, abin da baki ya faɗa, da abin da kai ka ƙaga. Kada su cakuɗe, don bayan wata shida ba za ka tuna wanne ne wanne ba. Sai a zana jadawalin shekaru, miladiyya da hijira gefe da gefe, a sa damina, kaka, hunturu da bazara. Shekarar hijira ta gaza ta miladiyya da kwana 11, saboda haka azumi yana zagaya yanayi. Faɗuwar Kano ta zo cikin Zulƙida 1320, ƙarshen hunturu, hatsi na rumbu. Wanda ya ɓoye jaruminsa cikin ɗanyar dawa a ranar ya yi wa manoma ƙarya, kuma su ne za su fara kama shi in an karanta a rediyo. Tafiya ma a auna ta da zango: ayarin jakuna da kaya da wuya ya wuce kilomita 20 zuwa 25 a yini, ga tsayawa neman ruwa. Jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911, reshen da ya bi ta Ringim zuwa Nguru kuwa sai 1930.

Takardu suna Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, Kano. A nemi rahotannin ƙiyasin haraji da jami'an Turawa suka rubuta gunduma-gunduma, don a ciki ake samun sana'o'i, kasuwanni da amfanin gona. A karanta su da hattara: mai karɓar haraji ne ya rubuta, kuma talaka ba ya faɗa wa mai haraji yawan awakinsa. Kayan yaƙi da tufafi a je Gidan Makama a gan su da ido, a san bambancin sulke da lifidi.

Hira da dattawa ita ce mai wuya. A je da rani, ba lokacin noma ba. A fara gaida dagaci ko mai unguwa, a riƙe goro. Babu mai rai da ya ga 1903. Ɗan shekara 85 daga kakanni ya ji. Kada a tambaye shi shekara, a tambaye shi abin da ya zo kafin me: kafin babbar yunwar 1914 ko bayanta, kafin jirgi ko bayansa. A zauna da kowa shi kaɗai, don a taro mai ƙarfin murya ne ke cinye tarihi. Tsofaffin mata su suka fi riƙe sunan zane, abincin yunwa da waƙar daka, amma sai a bi ta hannun wata mace daga gidan. Kirarin maroƙa a ɗauke shi don daɗin harshe, ba don hujja ba.

Sai batun mutunci, wanda na fi jin tsoro. Jikokin Tukurawa da Yusufawa suna nan, haka zuriyar waɗanda aka bautar, har da waɗanda mayaƙan Ningi suka kwasa a kudancin Kano. Shawarata, jarumi ya zama ƙagagge, marini daga Kura ko maƙeri, ƙauyensa ma a canza masa suna. Sarki ya wuce ta gefen labari, kada a sa masa maganar da ba ta tabbata ba.

Maganar neman abinci kuma: wannan rubutu yana cin shekara kafin ya fito, alhali mai sayar da labarin soyayya babi-babi ta WhatsApp kullum yana karɓar ciniki. Kada a saki wata sana'ar, kuma kada a fara sakin babi kafin bincike ya kammala, don abin da ya shiga wayoyin mutane ba ya gyaruwa. Kafin kai wa maɗaba'a, a ba mutum biyu su karanta, malamin tarihi da tsohon da ya yi sana'ar da jarumin ke yi.

Ina roƙon jaridarka ta buɗe shafi na wata-wata da za a riƙa bitar irin waɗannan littattafai.

Naka,
Wani malamin tarihi mai ritaya,
Takai, Jihar Kano.