Wasiƙa zuwa ga ɗana mai haɗa sola

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da maigidanka. Mu nan lafiya lau, sai hunturu da ya fara kaɗawa. Saƙonka ya iso, Innarka ta sa albarka, ni ma na sa.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Kawunka ya dawo daga Kaduna ranar Laraba, ya ce ya iske ka a gidan wani bawan Allah kana haɗa batir da inbata, kuma wayar da ka ja tsakaninsu irin ta soket ce, siririya mai kaurin 2.5. Da ya yi maka magana sai ka yi dariya, wai bolt 12 ce kawai, ko jariri ya taɓa ba ta jansa. Tun daren nan ban yi barcin kirki ba. Na so in kira ka, amma na san halinka a waya: "To Baba, to Baba," ka kashe, maganar ta bi iska.

Gaskiya ka faɗa, bolt 12 ba ta jan mutum. Ni ba jan nake tsoro ba, gobara nake tsoro.

Ɗauko takarda, kamar yadda muke yi a kan bencin shago. Bolt sau amfiya, shi ne wat. Inbata mai wat 1000, ta ɓangaren gida inda wuta take bolt 230, raba 1000 da 230, amfiya 4 ce da 'yan kai. Wayar 2.5 ko a jikinta. To juyo ɓangaren batir, raba 1000 da 12: amfiya 83. Ita ma inbatar tana cin nata, sai ka ga ya haura 90. Aikin bai canza ba, amma kayan da waya take ɗauka ya ninka kusan sau ashirin, alhali wayar nan an yi ta ne don amfiya ashirin da 'yan kai. Kayan raƙumi ka ɗora wa ɗan akuya.

Ina kuma ƙarfin yake tafiya? Kowace waya tana da turjiya, ita ce muke aunawa da om, sunan Bajamushen da ya fito da lissafin a 1827. Raba bolt da amfiya, ka samu om. Zafin da waya take yi kuwa, amfiya ce sau amfiya sau om. Ka lura da "sau amfiya" ta biyun nan, ita ce take cinye gidaje: in amfiya ta ninka biyu, zafi huɗu yake ninkawa. Wayar 2.5 ta jan ƙarfe, mita biyu zuwa, mita biyu dawowa, turjiyarta wajen om 0.03 ce. Abin raini, ko? Sau 83, bolt 2.5 ta zube a hanya kafin ta isa inbata. Sake sau 83, wat 200 ke nan na zafi zalla. Ka tuna ƙwan fitila na da mai wat 100, wanda ya taɓa ƙona maka yatsa? Guda biyu ka kunna a cikin roba, a bayan labule. Wannan ma in jan ƙarfen gaske ne. In irin ta bogin nan ce da ake shafa wa alminiyom launi, turjiyar ta ƙaru da fiye da rabi.

Balle kan batir da ba a ɗaure shi tamau ba. Ko om 0.01 ce a wurin, da amfiya 83 ta zama wat 69, a guri ɗaya da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ƙarfen da nake narkar da dalma da shi wat 60 ne.

Abin da nake gani in na rufe ido ke nan. Ƙarfe biyun dare, iskar hunturu, firji na aiki, wani ya manta dutsen guga a jone. Mai gida ya kulle ƙofa, tagogi duk da ƙarafuna, yara suna ɗakin da ke jikin batir. Batir ba ya sanin an ɗauke wuta, ba wanda zai kashe shi daga waje. In robar ta narke, ja da baƙa suka haɗu, amfiya ɗaruruwa zai zubo har sai wayar ta yi jawur. Da safe a tambayi wa ya yi aikin, a faɗi sunanka, a faɗi nawa.

Ka san tabon da ke bayan hannuna, ka kuma san dalilin da ya sa ba ma bi ta layin nan in za mu gidan Gwaggo. Ban taɓa ɗora wa kowa laifin ba, nawa ne. Shi ya sa na riƙa tsare ka da lissafi sa'annan sa'o'inka suna ƙwallo. Na sani har yau kana ganin na matsa maka, har da marin da na yi maka ranar fiyus ɗin nan. Ban ji daɗinsa ba, amma ban ga abin da zan janye ba. In rashin sani ne ya sa ka ja 2.5, to kunyar tawa ce, ni na koyar da kai. In kuwa ka karɓi kuɗin kebul mai kauri ka sa siririya don ka ci rarar, wallahi ba a gidan nan ka koyo ba, kuma kada sisi daga ciki ya sake shigowa tukunyar uwarka.

Ban yarda hakan ne ba. Na fi zaton gaggawa ce da ƙuruciya, hannunka kuma ya fi nawa kyau, kowa ya shaida.

Ka koma gidan da ka yi aikin nan kafin Juma'a. Ka ba mutumin haƙuri, ka sa kebul mai kaurin 25 ko sama, gajere iya yadda zai yiwu, da fiyus dab da jan kan batir. In zai iya sayen batir na biyu da inbata mai bolt 24, amfiya ta dawo rabi, zafi ya dawo kashi ɗaya cikin huɗu. In kuɗin kebul ne babu, Innarka ta ce a taɓa na adashinta.

Na ba direban da ka sani mitata, wadda ake maƙala wa waya ta nuna amfiyar batir. Ka kunna duk kayan gidan, ka bar su rabin awa, ka dafa kebul ɗin da bayan hannu. Sannan ka kira ni daga can, ka faɗa mini lambar da ka gani.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Mahaifinka.