Abin da ya hana tallar Shake n' Vac mutuwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman ɗan fili in yi magana a kan wata tallar talabijin da ta fito a Birtaniya a 1980, wadda har gobe ake kallonta a YouTube. Tallar Shake n' Vac ce, hodar ƙamshi da ake barbaɗa wa kafet. 'Yar wasa Jenny Logan ce a ciki, tana rawa a tsakar falo, tana waƙa, tana tura injin zuƙe ƙura. Da an tayar da zancen sai a ce ai kewar zamanin da ce kawai. Kewa tana ciki, ban musa ba, amma tallace-tallace nawa aka yi a wannan shekarar? Ina suke yau?

Sirrin yana cikin sunan kayan. Ma'anarsa ita ce ka kaɗa, ka zuƙe, wato sunan da kansa umarnin amfani ne. Sai aka ɗora shi a amshin waƙa, kuma daidai lokacin da baki ke faɗar sunan, hannu yana kaɗa robar, hoda tana zuba, inji yana bi ta kai. Kunne ya ji, ido ya gani, a daƙiƙa ɗaya. Duk wanda ya rera amshin ya faɗi sunan kaya, ya kuma karanta yadda ake aiki da shi ba tare da ya sani ba. Nan ne tallace-tallace da yawa ke faɗuwa: waƙa ta yi daɗi, kowa ya haddace ta, amma a tambayi mutum na wane kamfani ne sai ya yi zuru, ko ma ya ambaci na abokin hamayya.

Talla irin wannan ba ta da fili. Daƙiƙa 30 a tsarin talabijin na Birtaniya hoto 750 ne kacal, tunda 25 ke wucewa a kowace daƙiƙa. Shi ya sa ake ɗaukar alkawari guda, a nan kawar da warin kafet, a bar sauran. Idan mai kaya ya dage sai an cusa ƙamshi da araha da girman roba da sabon murfi, mai kallo zai tashi bai riƙe ko ɗaya ba.

Akwai kuma abin da kuɗi ba zai sake saya ba. A 1980 tashoshi uku ne a Birtaniya: BBC1 da BBC2 da ITV, kuma ITV ce kaɗai ke sa talla. Channel 4 sai a Nuwamban 1982 ta fara. Ke nan gida-gida, yaro da babba, abu ɗaya suke gani da dare, su wayi gari suna rera shi. Yau kowa da allonsa a hannu, yana tsallake talla da ɗan yatsa. Wannan ne ya sa sabunta tsohuwar talla kan zo da ƙyar. A gyara kiɗa, a ƙara haske, a kawo fitaccen mawaƙi, sai a goge ɗan shirmen da ya sa mutane suka so ta tun farko. Gaskiya tallar ba ta da wani aji, har cikin masu ba da haushi ake lissafa ta, kuma haushin ma ya taimaka mata.

Abin da daƙiƙa 30 ba ta faɗa ba shi ne kafet sai ya bushe ƙarau kafin a barbaɗa. Hoda a kan danshi dunƙulewa take, ta manne a gindin zare. A barbaɗa kaɗan, a bar ta 'yan mintuna, sannan a bi da inji a hankali. In an zabga da yawa, matacin injin ne zai toshe, ƙarfin zuƙa ya ragu. Kuma wari take dannewa, ba ta wanke tabo.

Roƙona ga masu nuna tsofaffin tallace-tallace a shirye-shiryensu: an ɗauke su ne a ma'aunin tsohon allo na 4:3, wato faɗi huɗu, tsayi uku. In an ja hoton don ya cika allon zamani na 16:9, fuska faɗi take yi, robar kayan ta koma guntuwa. In kuwa an datse sama da ƙasa, ƙafafun mai rawa da kafet ɗin ne ke tafiya. A bar baƙin gefe hagu da dama yadda yake.

Na gode.

Naku,
Wani mai sana'ar shirya talla