Zuwa ga ɗana mawaƙi da ya tambaye ni wane magani nake sha

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar da aka yi hira da ni a rediyo ka bugo waya daga unguwar Aboabo ta nan Kumasi ka ce: “Baba, ga furfura ta cika kai, amma kana kwana tsaye da kalangu a hammata, mu yara ƙarfe biyun dare mun fara neman kujera. Wane magani kake sha?” Lokaci ya ƙure mana. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan zan ba ka amsa.

Ba na shan komai. Na kuma san dalilin tambayar, domin ina ganin abin da ake miƙa wa juna a bayan sifika in dare ya raba. Tiramol ne. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta amince ne da mai miligiram 50 da 100, shi ma sai da takardar likita, amma wanda ke yawo a aljihun samari mai 120 ne, ko 225, ko 250. Tun 2018 ake ta kuka da shi a ƙasar nan. Aikinsa shi ne ya ɓoye maka ciwo: kafaɗa ta gaji tana neman hutu, kai ba ka ji, kana ta matsa mata har jijiya ta samu rauni. Da idona na ga wani yaro mai hannun kiɗa ya yanke jiki a tsakiyar filin rawa, yana shure-shure, kumfa a baki, mata na ta salati ana cewa iska ce. Ƙwayar tana kawo irin wannan farfaɗiyar. Don Allah kada ka kusance ta.

Ƙarfin daren Asabar, ranar Talata ake tara shi. Mu aikinmu daga Juma'a zuwa Lahadi yake, saboda haka gudun safiyar Asabar da samari ke yi ba namu ba ne. Namu Litinin ce zuwa Alhamis, ranakun da yawancinmu ke ƙarewa a kan benci ana shan shayi. Ni da an sallame Asuba nake kama hanya da ƙafa, tafiya mai sa gumi. In ina da sayayya a kasuwar Kejetia ba na tsayar da keke mai ƙafa uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 a mako na irin wannan motsi, kuma numfashin da kake riƙe baiti da shi daga nan yake fitowa.

Kalangu yana karkatar da mutum. Hannun hagu na matse tsarkiya, kafaɗa a ɗage, dama na ta duka, baya ya kwanta gefe guda. Dubi tsofaffin makaɗa in suna tafiya, za ka gane su daga nesa. Shi ya sa kafin in rataya shi nake juya wuya da kafaɗu, in murza yatsu har su yi ɗumi, in na sauke kuma in miƙe ɓangaren da ya sha matsa. Kai ma kada ka buɗe murya gaba ɗaya daga saukowa mota, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke busar da maƙogwaro.

Ka ci tuwonka ko wake da shinkafa tun kafin Magariba, ka riƙe ruwa a kusa. Goro dai shi ya kawo kakanninmu ƙasar Asante, ba zan zage shi ba, amma wanda ya ci shi ƙarfe ukun dare ya sayar da barcinsa.

Abin da ya fi damuna kunnuwanku ne. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti awa 8 ce iyakarta, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. In ta kai 100, minti 15 ke nan. Kai kuwa kana tsaye gab da sifika har asuba. Wannan ƙugin da kake ji a kunne in ka kwanta gargaɗi ne, domin ƙwayoyin ji da suka mutu ba sa sake tsirowa, mawaƙin da ba ya jin kansa kuma sai ya riƙa ihu har murya ta dishe. Ka tsaya a gefen sifika ko bayanta, ka sa a rage, ka sayi abin toshe kunne.

Ka sabunta katinka na inshorar lafiya, ka riƙa auna jini, don hawan jini ba ya sallama. In kana so mu taka tare, ka same ni ranar Litinin bayan Asuba a ƙofar Babban Masallacin Kumasi, ka zo da takalmi mai taushi.

Wassalam,
Babanka mai kalangu,
Asawase, Kumasi