Wasiƙa daga Landan, 25 ga Yuni, 1939

Zuwa ga Baba da Inna a Biyana, Ostiriya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne saboda labarin da Goggo ta aiko mini, cewa Kawu yana neman ya karɓi sauran kuɗin da ke hannun Inna don ya sayi takardun shiga Kyuba saboda gudun 'yan Nazi. Ina roƙonku da girman Allah kada a ba shi ko kwabo. Jirgin ruwan St. Louis da ya tashi daga Hambug a watan Mayu da Yahudawa fiye da 900, irin waɗannan takardu mafi yawansu suka riƙe, amma aka hana su sauka a Habana, babban birnin Kyuba, Amurka ma ta ƙi su, sai makon jiya aka sauke su a Antwab ta Beljiyam.

Ni ina nan lafiya. Aikin gidan ba shi da wahala, ana ba ni sule 15 a mako da ɗaki, kuma uwargidan ba ta da faɗa sosai. Ban saba da gogar bene ba, amma hannu ya fara koyo.

Maganar Auta ce ta hana ni barci. Na yi ta sintiri zuwa Bloomsbury House, inda kwamitocin 'yan gudun hijira suke, kuma sun tabbatar mini cewa tun da bai kai shekara 17 ba za a iya sa shi cikin ayarin yaran da ake kawowa Ingila, muddin an sami wanda zai tsaya masa da fam 50. Na tara fam 9, kuma wani dattijo a majami'armu ta Yahudawa ya ce zai duba sauran. Inna, na san rabuwa da shi zai yi miki ciwo, amma a kai sunansa da hotunansa ofishin al'ummar Yahudawa na Biyana cikin makon nan, kada a jira.

Baba kuma, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wajen ba da biza, Amurkawa da ƙasar haihuwa suke lissafi, kuma tun da a Galishiya ta ƙasar Folan aka haife ku, a kason Folan kuke, wanda bai kai mutum 7,000 a shekara ba, saboda haka lambarku a layin biza ba ta kusa. Shanghai ta ƙasar Sin har yanzu ba a neman biza, kuma jiragen ruwa na tashi daga Tiriyeste ta Italiya. Na san kun ce tsufa ya hana ku koyon sabuwar ƙasa, amma wanda ya ga abin da 'yan Nazi suka yi mana, mu Yahudawa, a watan Nuwamban bara bai kamata ya tsaya zaɓe ba.

Daren Asabar nakan ci tuwon mutane ina tunanin me kuka samu, har abincin ya ƙi wucewa. Da na sani da ban riga ku fita ba.

A sake gaya wa Kawu kuɗin nan na tikiti ne. A gaida Goggo.

'Yarku