Zuwa ga Malamin da ya tambayi wanda ya biya ni kan fim ɗin Rope

Malam, assalamu alaikum.

A shirin rediyo na ranar Asabar ka kama sunana ka yi tambaya biyu: wa ya biya ni na yabi "fim ɗin 'yan luwaɗi", kuma me nake nema da tarbiyyar 'ya'yan mutane? A bainar jama'a ka tambaya, a nan zan amsa maka.

Babu wanda ya ba ni ko sisin kwabo. Kai ma ka san haka, domin tare muka yi shekaru muna rubutu a shafi ɗaya, ka san motar haya nake shiga har gobe. Abin da ya yi mini ciwo shi ne ka san nauyin maganar ka kuma furta ta. Tun Janairun 2014 akwai doka a Najeriya mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, da shekara 10 kan goya wa ƙungiyoyinsu baya. Ba kotu kaɗai ake tsoro ba, akwai matasan unguwa da ba sa jiran shaida. Nuna mutum da yatsa a kan wannan batu, ko wane ne shi, jefa rayuwarsa ne cikin haɗari. Mahaifiyata ta ji shirin, ta kira ni muryarta na rawa. Ina neman ka janye maganar kuɗin nan a inda ka faɗe ta.

Sai batun fim ɗin, wanda na tabbata ba ka kalla ba. Alfred Hitchcock ne ya shirya Rope a 1948, daga wasan kwaikwayon Patrick Hamilton na 1929, wanda ake dangantawa da kisan da wasu samari biyu, Leopold da Loeb, suka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 a Chicago a 1924. Samari biyu, Brandon da Phillip, sun shaƙe abokinsu da igiya don kawai su nuna sun fi sauran mutane. Suka saka gawar a akwatin katako, suka shimfiɗa abinci a kansa, suka gayyato mahaifin mamacin da budurwarsa da tsohon malaminsu liyafa. Har Brandon ya ɗaure wa uban littattafai da igiyar da aka kashe masa ɗa. Akwai wurin da kyamara ta kafe a kan mai aikin gidan tana kwashe kwanuka daga kan akwatin, tana kai da komo, saura ƙiris ta ɗaga murfin, baƙi kuwa na ta hirarsu a gefe. Za ka yi dariya, nan take kuma ka ji kunyar dariyar. Wannan gwanintar na yaba, kuma ina nan a kan bakana.

Ka ce tallar wata ɗabi'a fim ɗin yake yi. Da ka bincika, da ka ga akasin haka manazartansa suka daɗe suna ƙorafi a kai. A wancan lokacin, dokar tace finafinan Hollywood, wadda ake kira Hays Code, ta hana ambaton neman jinsi ɗaya, shi ya sa babu kalma ɗaya a fim ɗin da ta fito fili ta faɗi alaƙar samarin. Sai dai zama gida ɗaya da yanayin magana. Masu sharhin 1948 sun fi mayar da hankali kan dabarar ɗauka: kowane gammon fim, wato naɗin da ake saka wa kyamara, bai wuce kusan minti goma ba, sai a ɓoye wasu mahaɗan ta hanyar kutsa kyamara cikin bayan rigar ɗan wasa. Bosley Crowther, mai sharhin fim na jaridar New York Times, bai gamsu ba. Hitchcock da kansa daga baya ya shaida wa daraktan Faransa François Truffaut cewa wasa da dabara ne kawai. Fim ɗin ya ɓace daga sinima shekaru da dama, sai a farkon shekarun 1980 aka sake fito da shi, aka fara yi masa sabon karatu. A wancan zamanin ne masanin tarihin fim Vito Russo, a littafinsa na 1981, ya nuna yadda Hollywood ta saba fito da masu neman jinsi ɗaya a matsayin makasa ko abin tausayi, mai sharhin fim Robin Wood kuma ya tuhumi finafinan Hitchcock da irin wannan kallon. To wace talla ce ake yi wa mutane ta hanyar nuna su da gawa a falo? Na rubuta wannan duka a sharhina, sakin layi na huɗu. A kanun labarin ka tsaya.

Maganar cewa ban ga finafinanmu na gida ba sai na Turawa, ba ta buƙatar dogon bayani. Rubuce-rubucena a kan Kannywood suna nan, wasu ma kai ka gyara su. Ina zargin dai kiran waya da yawan masu sauraro ne suka ja ka, don ka san wace kalma ce ke tayar da layi.

Damuwata ta wuce ni da kai. Sharhin fim a wurinmu ya koma tambaya ɗaya tak: wa za a tsine wa yau? Ba mai tambayar yadda aka gina labari, ko inda aka ajiye kyamara da dalilin ajiye ta a nan. Ga fim mai tsawon minti 80, kusan dukansa a falo ɗaya, da 'yan wasa ƙasa da goma, bangon ɗakin ma a kan tayoyi yake ana ture shi kyamara ta wuce, amma ya riƙe mai kallo har ƙarshe. Daraktocinmu da kullum kukansu rashin kuɗin lokeshin su suka fi kowa buƙatar nazarinsa. Wani matashin mai ɗaukar hoto ya roƙe ni mu zauna mu bi fim ɗin fitowa bayan fitowa. Bayan shirinka ya turo saƙo yana ba ni haƙuri, ya ce mahaifinsa ya hana shi zuwa.

Wassalam.