Ga yaranmu masu lasisin tuƙin jirgi da ke jiran kiran intabiyu

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana da matasanmu da suka gama koyon tuƙin jirgin sama suna zaman jiran kira, da iyayensu ma. A nan Zariya maganar ba baƙuwa ba ce. Tun 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgi a garin nan, kuma duk mazaunin Palladan ko Kwangila ko hanyar Samaru ya saba da ƙugin ƙananan jiragen ɗalibai. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda yaro zai karɓi lasisi, a yi walima, sannan ya shekara biyu ko uku a gida bai sake taɓa sitiyarin jirgi ba. In ka tambayi dalili a majalisa amsa ɗaya ce, wai ba shi da uwa a gindin murhu. Ban ce babu wannan ba, Najeriya muke. Amma na yi aikin tsara tafiyar jirage har na yi ritaya, an kuma sha zaunar da ni a teburin masu tantance sababbin matuƙa ina riƙe musu takardu. Na ga yaranmu da aka kira, aka ba su kujera, suka kayar da kansu da bakinsu, wasu kuma da ƙin buɗe shi.

Yaro mai lasisin kasuwanci, wato na tuƙin da ake biyan mutum a kansa, da awa 200 na tashi ko ɗan sama da haka, ba babban jirgin alhazai za a miƙa masa ba. Ƙofarsa ita ce kamfanonin da ke jigilar kusa, Kano zuwa Abuja, Abuja zuwa Yola ko Sakkwato ko Ilori, tafiyar kamar awa guda, a yi ta sawu bayan sawu har dare. Jiragensu su ne irin su ATR 72 mai farfela, mai ɗaukar mutum kamar 70, wanda aka san Overland da Green Africa da shi, da Embraer 145 mai kujera 50 irin na Rano Air da United Nigeria, da CRJ900 irin na Ibom Air. Kujerar dama za a ba shi, ta mataimaki, domin lasisin babban matuƙi sai ya tara awa 1,500. To duk wanda aka kira ya san jirgin da kamfanin ke da shi, injinsa, nauyin da yake iya tashi da shi, da garuruwan da yake zuwa. Akwai wanda aka tambaya me ya sa yake son aiki da mu, ya ce shi tun yana ƙarami ransa na kan Boeing 747. Mu kuwa ko mai kama da shi ba mu da shi a fili.

Maganar takardu ba sai na ja ta ba. Lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ya kasance yana aiki, wanda ya yi karatu a Jodan ko Afirka ta Kudu ko Amurka ya mayar da nasa na Najeriya tun kafin a kira shi. Takardar lafiya ta aji na ɗaya shekara guda take yi wa matashi, ta kan mutu mutum yana zaune bai lura ba. Shaidar Turanci ma tana da wa'adi, wadda ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta ce aƙalla ta kai mataki na huɗu. Sai littafin da ake rubuta awannin tashi. Kyaftin ɗin da ke tantancewa zai buɗe shafin da ya ga dama, ya ɗauki kalkuleta ya tara. In lissafi bai fita ba, ko ya ga goge-goge, daga nan fuskarsa ta canza. Wanda ya ƙara wa kansa awa biyu a takarda, wa zai yarda da shi ranar da ya ce mai ya isa?

Tambayoyin ilimi kuwa, yaranmu ba su da laifi wajen hadda. Za su zubo maka ma'anar V1 tiryan-tiryan, cewa shi ne gudun da in jirgi ya wuce shi a kan titi to tashi ya zama dole ko da inji ɗaya ya mutu. Matsalar tana zuwa ne in aka ɗauko karatun daga littafi aka ajiye shi a Kano. Misali a ce maka watan Afrilu ne, ƙarfe biyu na rana, zafi digiri 40, jirgi cike da fasinja a filin Malam Aminu Kano, me ke damunka? Filin yana sama da teku da ƙafa 1,500 da 'yan kai. A ma'aunin littafi, digiri 15 ne a bakin teku, yana raguwa da kamar digiri biyu a kowace ƙafa dubu, wato a Kano ya kamata ya zama 12. Rarar 28 ke nan. Kowane digiri na rara yana ƙara kamar ƙafa 120, sai ka ga jirgi yana ji kamar daga tsayin kusan ƙafa 5,000 zai tashi. Iska ta yi shara-shara, inji ba ya ba da ƙarfinsa duka, fiffike na neman ƙarin gudu, titi kuma bai ƙara tsawo ba. Ko a rage kaya ko a jira yamma. Mutanen Gwammaja ba su manta da jirgin kamfanin EAS da ya faɗo musu a watan Mayu na 2002 jim kaɗan da tashinsa ba, saboda haka wannan tambaya a Arewa ba ta wasa ba ce.

Irin wannan lissafin da ka ake so, ba biro ba takarda, kyaftin yana kallonka. Kana ƙafa 24,000, daga mil nawa za ka fara gangarowa? Ninka 24 sau uku, mil 72, ka ƙara 'yan kaɗan na rage gudu. Kana tunkarar titi da gudun mil 140 a awa, a ma'aunin mil na teku, ninka sau biyar, ƙafa 700 za ka riƙa sauka a kowane minti. Ni shawarata yaro ya riƙa yi wa kansa irin waɗannan yana tafe a Keke Napep, har su zama ba ya tsayawa tunani.

Sai hazo. Duk wanda ya yi aiki a filayen Arewa daga Disamba zuwa Fabrairu ya san yadda ƙura ke rufe Kano da Maiduguri da Katsina, fasinja su cika zauren jira suna zagin kamfani. Za a miƙo maka rahoton yanayi na NiMet a ce karanta. Ka san HZ hazo ne, DU ƙura, TS hadari mai tsawa. Ka san a matakin farko na na'urar da ke jagorantar sauka, ƙafa 200 ne iyakar da za ka gangaro ba tare da ka ga titi ba, kuma ana bukatar gani ya kai mita 550 a kan titin. Ka san ina za ka karkata in Kano ta rufe, da man da zai kai ka can, da ajiyar minti 30 ta ƙarshe wadda ba a shirya tafiya da niyyar taɓa ta.

Duk wannan ana iya koyonsa a ɗaki. Abin da ya sa na ɗauki biro wani ne daban.

Kwanakin baya maƙwabcina ya turo mini ɗansa in ɗan gwada shi kafin ya tafi Legas. Yaro natsattse, sakamakonsa mai kyau. Ya cire takalmi tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa, na yi da gaske kafin ya hau kujera, da ya hau ma a bakin-bakinta ya ɗosana. Na ce masa: kana dama, a hagu kyaftin ne sa'an mahaifinka, ya shekara talatin yana tuƙi, shi ne kuma zai rubuta rahoto a kanka. Kun iso ƙafa 200 cikin hazo, ba ku ga titi ba, shi kuma bai fasa gangarawa ba. Me za ka yi? Ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. Can ya ce, "To Baba, ai shi ne babba, wataƙila ya ga abin da ban gani ba." Na ce in bai gani ba fa? Ya ce, "Sai in ɗan tuna masa." Na ce a cikin daƙiƙa nawa? A gudun da muka lissafa, tsakanin ƙafa 200 da ƙasa ko daƙiƙa ashirin babu.

Ban ga laifin yaron ba. Haka muka rene shi, kuma ina alfahari da wannan renon. Ba a haɗa ido da babba, ba a katse shi, ba a ce masa ya yi kuskure a gaban mutane. Amma wannan tambayar, ko wata mai kama da ita, babu intabiyun matuƙa da na zauna ba a yi ta ba, kuma ita ce ke raba wanda za a ɗauka da wanda za a ce wa ya je za a neme shi. Kamfani ba ɗan rakiya yake nema ya cika kujera ba. An sa mutum biyu a gaba ne domin in ɗaya ya kauce ɗayan ya tare.

Duniyar jiragen sama da jini ta koyi wannan. A watan Maris na 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, jirage biyu ƙirar 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin ɗaya jirgin, na kamfanin KLM, babban malamin matuƙa a kamfaninsu, ya fara gudun tashi ba tare da cikakken izini ba. Injiniyan da ke bayansa ya yi shakka, ya tambaya ko ɗaya jirgin ya fita daga titi, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya fita, shi ke nan aka yi shiru. Daga irin wannan aka fito da darasin aiki tare a ɗakin tuƙi, wanda yanzu dole ne ga kowane matuƙin fasinja. Mu ma nan gida muna da namu tabon. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin kamfanin ADC ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato cikin mummunan yanayi, ya faɗi nan take, mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu. Rahoton masu bincike ya ambaci shawarar tashi a wannan yanayi, ya kuma ambaci rashin daidaiton aiki tsakanin matuƙan biyu. Yaron da zai shiga intabiyu ya nemi irin waɗannan rahotanni a intanet ya karanta, sun fi tarin tambayoyin da ake turawa a WhatsApp amfani.

Abin da na gaya wa ɗan maƙwabcina shi ne, gyara wa babba ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Liman in ya miƙe zuwa raka'a ta biyar, mamu ba ya yin shiru don liman ya girme shi, subhanallah yake cewa da murya yadda za a ji, ko da shi ne ƙarami a sahu, kuma babu mai kiran wannan rashin kunya. Haka ake so a jirgi. Ka faɗi abin da kake gani: Kyaftin, mun kai iyaka, babu titi. In bai amsa ba, ka ɗaga murya ka ce a fasa sauka. In har yanzu shiru, ka sanar cewa ka karɓi jirgi, ka ƙara wa inji wuta, ku tashi ku zagayo. Bayan an sauka lafiya sai ka ba shi girmansa, ka kuma rubuta rahoto kamar yadda dokar kamfani ta ce. Da yaron ya maimaita mini wannan a karo na farko, da ƙyar nake jin muryarsa. Sai da muka yi ta yi har aka kira magariba kafin ya iya faɗa yana kallon idona.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, su shigo suna buga ƙirji, a tambaye su wane kuskure suka taɓa yi a sama su ce babu. Wannan ma faɗuwa ce. Babu wanda ya yi awa 200 bai taɓa yin saukar da ta girgiza haƙoransa ba. Faɗi abin da ya faru, da abin da ka yi, da abin da ka canza daga baya, a taƙaice. In kuma an tambaye ka abin da ya shige maka duhu, ka ce za ka duba littafin jirgi. Kame-kame ne kyaftin ba ya yafewa.

Gwajin na'urar kwaikwayon tuƙi ma abin da ake dubawa ke nan. Sun san ba ka taɓa tuƙa irin jirginsu ba, ba sa jiran ka burge su. Za su kashe maka inji ɗaya bayan tashi su ga ko za ka fara riƙe jirgi kafin ka shiga lalube, ko za ka yi magana da na kusa da kai, ko in an gyara maka a zagaye na farko za ka ɗauka a na biyu. Wanda ya daɗe a ƙasa, in da hali, ya biya kuɗin awa ɗaya ko biyu ya motsa hannunsa kafin ranar.

Iyaye kuma, ku shirya jin cewa aikin na iya kai yaro Legas ya zauna, ya yi Sallah a ɗakin otal, ya sha ruwa a sama da dabino biyu cikin aljihu. Za a tambaye shi ko ya yarda, kada ya ce sai ya shawarci gida. A gama shawarar tun kafin ya tafi.

Abu na ƙarshe kuɗi ne. Lasisin kasuwanci bai isa a hau ATR ko Embraer ba, sai an yi horo na musamman kan wannan nau'in jirgin, galibi a ƙasar waje kuma da dala. Wani kamfanin zai biya ya ɗaure yaro da yarjejeniyar shekaru, wani zai ce ya zo da abinsa. Kada murna ta sa a sa hannu a tsaye. A kai wa lauya ya karanta, a san nawa za a biya in yaro ya bar aiki, a kuma san makomarsa in kamfanin ne ya ajiye jiragensa, domin mun ga kamfanoni da yawa sun rufe a ƙasar nan. Gwamnatocin jihohinmu da ke ɗaukar nauyin yara su koyi tuƙi, ina roƙon su sa kuɗin wannan horo na biyu a cikin kasafin tun farko, su kuma nemi tsofaffin kyaftin-kyaftin da ke zaune a Zariya da Kaduna da Kano su riƙa zama da yaran suna yi musu gwajin intabiyu kafin a tura su.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Tsohon ma'aikacin tsara tafiyar jirage,
Palladan, Zariya.